Wanda Ya Riga Ka Shan Maganin

Shekaru goma da suka wuce, idan aka gwada mutum aka same shi da ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jiki, aka kuma ɗora shi a kan magani, abin da ya fi tayar masa da hankali a makon farko sau da yawa maganin ne da kansa. Ƙwayar da ake bayarwa a lokacin tana ɗauke da wani sinadari mai suna efabirenz, kuma kusan rabin waɗanda suka fara shan sa sukan ji shi a ka. Jiri ya ɗebi mutum, ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. In ya kwanta, sai mafarkai masu firgitarwa, waɗanda yake gani ƙuru-ƙuru har ya farka yana gumi. Wani ya kasa barcin gaba ɗaya, wani kuma ransa ya riƙa ɓaci ba dalili.

A ƙasar Hausa, wanda ya kwana uku yana mafarkin matattu ko ana bin sa da gudu ba ya tunanin ƙwayar da ya haɗiya bayan sallar isha. Tunaninsa yana tafiya ga jifa, ko sammu, ko iska. Idan ma ya gane maganin ne, hukuncin da yake yankewa gajere ne: “Bai karɓe ni ba.” Sai ya ajiye robar maganin a ƙasan akwati. Bayan wata shida ko shekara a kawo shi asibiti ranga-ranga.

Ba wai likita ko mai ba da magani bai gaya masa ba. Galibi an gaya masa cewa a sha da dare, kada a haɗa da abinci mai maiƙo, kuma abin zai lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma an faɗa masa ne a ranar da kunnensa ba ya ji, ranar da yake tunanin yadda zai kalli matarsa, ko yadda za ta kalli mijinta, ga kuma dogon layi a bayansa. Abin da ya hana mutane da yawa jefar da maganin shi ne wani mutum da ya same su a kan benci, ko ya kira su a waya a kwana na huɗu, ya ce: “Ƙanwata, kin fara mafarkin ko? Ni ma haka ya yi mini. Ki daure, ba ya wuce wata.” Wannan mutumin ba likita ba ne. Mai ɗauke da cutar ne, wanda ya riga ta shan maganin.

Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke rayuwa da wannan ƙwayar cuta a Najeriya, wato kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. Arewa maso Yamma ce ke da mafi ƙaranci, kashi 0.6. Ƙarancin yana da daɗin ji, amma yana da nasa nauyin: inda masu cutar ba su da yawa, kowa gani yake shi kaɗai ne a unguwarsu, kuma ɓoyon ya fi tsanani.

Kowane magani da irin nasa halin

Waɗanda suka daɗe a wannan hanya suna ƙirga shekarunsu da sunan maganin da suka sha. Gwamnatin tarayya ta fara shirin raba magani a 2002, da nufin kaiwa ga manya 10,000 da yara 5,000 a cibiyoyi 25, kuma mutum yana biyan naira 1,000 duk wata. Sai a 2006 ya zama kyauta. Maganin wancan zamani ya ceci rayuka, babu shakka, amma ya karɓi farashinsa a jikin mutane. Sitabudin yana zuƙe kitsen fuska da na hannuwa da ƙafafu, kumatu su lotsa, jijiyoyi su fito, ga zugi da dindiris a tafin ƙafa. Mutum ya samu sauƙi a ciki, amma fuskarsa tana tona masa asirin da yake ɓoyewa. Zidobudin yana shanye jini, har wasu sai an yi musu ƙari. Nebirafin kuwa yana iya fesowa da ƙuraje, wani lokaci masu sauƙi, wani lokaci irin waɗanda ke saluɓe fata da leɓe, kuma yana taɓa hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara janye sitabudin tun ƙarshen 2009, amma akwai waɗanda har yau tabonsa ke fuskarsu.

Daga wajen 2018 zuwa 2019 aka fara mayar da jama'a kan haɗin da ake kira TLD, ƙwaya ɗaya a rana, mai ɗauke da dolutegirabir. Ya fi na baya sauƙi nesa ba kusa ba, ya fi saurin kwantar da ƙwayar cutar, kuma ya zo da araha: yarjejeniyar da aka sanar a watan Satumba na 2017 ta sa kuɗinsa a kan dala 75 na shekara guda. Duk da haka shi ma ba a rasa abin faɗa a kansa. Wasu yana hana su barci, wasu ciwon kai, wasu kuma ƙiba. Wani babban gwaji da aka yi a Johannasbag, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya nuna ƙarin nauyin ya fi yawa a jikin mata. A nan sai al'ada ta shigo: macen da ta sha gorin rama, da farko murna take yi idan ta ciko, 'yan uwa ma su ce ta yi kyau. Sai wanda ya san hanya ne zai tuna mata ta riƙa auna suga da hawan jini.

Abin da ake yi a zaman

Ƙungiyoyin tallafin juna galibi suna haɗuwa ne sau ɗaya a wata, a wani ɗaki ko rumfa a harabar asibiti, ko a wani wuri da ba zai ja ido ba. Ana buɗewa da addu'a, a tara ɗan kuɗin wata, wani lokaci a yi adashi. Idan aka zo kan magani kuwa, tambayoyin da ake yi ba su ne ake yi wa likita ba.

Ɗauki batun roba. Yanzu wanda jikinsa ya daidaita akan ba shi maganin wata uku, wani lokaci har shida, kuma roba mai ƙwaya 90 tana ƙara idan tana cikin jaka. A cikin A Daidaita Sahu, ko a gidan biki inda aka jibge jakunkuna a ɗaki guda, wannan ƙarar kaɗai ta isa ta sa mace ta bar maganin a gida, ta kwana biyu ba ta sha ba. A zaman ne ake koya mata ta cusa auduga mai tsabta a bakin robar, ta kuma bar ɗan ƙunshin nan da ke tsotse danshi a ciki, kada ta juye ƙwayoyin a leda ta ajiye kusa da murhu. A nan ake tattauna inda za a ajiye magani a gidan da ke da kishiya da yara masu bincike, da yadda za a sa ƙararrawar waya ta zo daidai da wata sallah don kada kowa ya tambaya. Babu littafin likitanci da ya rubuta waɗannan, amma a kansu shan magani yake tsayawa ko ya rushe.

Sai azumi. Duk shekara idan Sha'aban ya raba, tambayar da ta fi yawa ke nan. A zamanin da ake shan magani safe da yamma abin ya fi wuya, domin tazarar sahur da buɗe-baki ta wuce awa goma sha biyu. Likitoci a Kano sun bi diddigin wannan, suka wallafa a 2009 cewa masu azumi sun sauya lokutan shan maganinsu zuwa sahur da shan ruwa, kuma ba su gaza waɗanda ba sa azumi ba wajen kiyaye shi. Da zuwan ƙwaya ɗaya a rana, abin ya ƙara sauƙi. Amma wanda yake sabo bai san haka ba. Yana iya ganin zaɓi biyu ne kawai a gabansa, ko ya sha azumi jama'a su tambaye shi dalili, ko ya bar magani wata guda. Tsohon hannu ne zai ce masa: “Malam, je ka gaya wa likita kafin a ga wata, za a mayar maka da shi dare.”

Akwai kuma abubuwan da ba a ji a jiki, amma suna rage ƙarfin maganin a ɓoye. Dolutegirabir ba ya shiri da maganin ƙarin jini, da na ƙarin ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan da ake sha don gyambon ciki, domin suna riƙe shi a hanji su hana shi shiga jini. Ƙa'idar ita ce a sha shi awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Mai juna biyu da aka ba ta maganin ƙarin jini a wajen awo, a wani ɗaki daban, daga hannun wata ma'aikaciya daban, ita ce ta fi shiga wannan haɗari. Haka wanda tarin fuka ya kama: rifamfisin da ke cikin maganin tarin yana sa jiki ya yi saurin ƙone dolutegirabir, don haka ake ƙara masa wata ƙwayar bayan awa goma sha biyu. Rifamfisin ɗin kuma yana mayar da fitsari ja, har da gumi da hawaye. Ba jini ba ne, kuma ba ya cutarwa, amma mutumin da ya waye gari ya ga haka ba tare da an taɓa gaya masa ba, ka san ba zai sake haɗiyar ƙwayar nan ba sai an yi da gaske.

Daga Kampala zuwa Nasarawa

Wannan aiki ya girmi maganin. A 1987, lokacin da babu abin da za a ba mai cutar sai haƙuri, Noerine Kaleeba, wadda cutar ta kashe mata miji, ta haɗu da wasu abokan aiki suka kafa ƙungiyar TASO a Yuganda. A Najeriya an kafa NEPWHAN, gamayyar masu rayuwa da cutar, a 1998, shekara guda bayan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya fito fili ya faɗi cewa cutar ce ta kashe ƙaninsa Fela. A 2001 aka fara mothers2mothers a Afirka ta Kudu, inda ake ɗaukar iyaye mata masu cutar waɗanda suka haifi 'ya'ya lafiya lau, a horar da su, a biya su albashi, su riƙa jagorantar masu ciki. A lardin Tete na Mozambik kuwa, a 2008, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gwada wata dabara: mutum shida su haɗu, duk wata ɗaya ya tafi asibiti ya karɓo wa kowa magani, su zauna su ƙirga ƙwayoyin juna. Rahoton farko ya nuna sama da kashi 97 cikin 100 na 'yan ƙungiyoyin suna nan kan magani bayan kimanin shekara guda.

A Bauchi abin ya ɗauki salon da ya dace da wurin. Hukumar jihar mai yaƙi da cutar ta shiga haɗa aure tsakanin masu ɗauke da ita, kuma zuwa 2008 an ɗaura gommai. Duk wanda ya san matsayin aure a wurinmu ya san dalilin da ya sa zawarawa da yawa suke zuwa zaman ƙungiya da wannan fata a zuci, kuma ba abin kunya ba ne. Gidan da miji da mata suke tuna wa juna lokacin magani ya huta da ɓoye roba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena ta fito ne daga ƙauyukan Jihar Nasarawa da Babban Birnin Tarayya. Masu bincike na cibiyar IHVN, ƙarƙashin jagorancin Dakta Nadia Sam-Agudu, sun bi mata masu ciki kusan 500 a ƙananan asibitoci 20. A wasu asibitocin akwai iyaye masu jagoranci waɗanda aka horar, aka sa musu mai duba aikinsu, aka ba su tsarin bin kowace mace. A sauran kuma akwai tallafin juna irin na yau da kullum, ba tsari. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, kusan kashi 62 cikin 100 na matan rukunin farko suna nan suna zuwa asibiti, a rukuni na biyu kuwa kashi 25 ne kacal. Dukkansu masu cutar ne ke taimakon masu cutar. Abin da ya raba su shi ne horo da kulawa. Kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta wadatar ba.

Wani lokaci muryar masu shan magani takan kai har inda ake yanke hukunci. A watan Mayu na 2018 wani bincike daga Botsuwana ya jefa fargabar cewa dolutegirabir na iya jawo nakasar laka ga jarirai idan an ɗauki ciki ana shan sa. Ƙasashe da dama suka hana shi ga duk macen da ke cikin shekarun haihuwa, wato a bar su da efabirenz da jirinsa. A watan Yuli na wannan shekara mata masu ɗauke da cutar daga ƙasashen Afirka suka taru a Kigali, suka ce a yi musu bayanin haɗarin, a ba su hanyar tazarar haihuwa, a bar su su zaɓa. Da ƙarin bayanai suka fito, haɗarin ya zama ƙasa da yadda aka zata, kuma a watan Yuli na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin ga kowa. Su da suka kwana da efabirenz a kansu sun san abin da ake nema su ci gaba da jurewa.

Inda “daure” ke zama haɗari

Ba zan ɓoye ba, zaman ƙungiya yana da nasa ramukan. Mafi girma shi ne kalmar da ta fi ceton mutane ita ce kuma za ta iya kashe su. “Daure, zai wuce” gaskiya ce ga jiri da tashin zuciya na makon farko. Ba gaskiya ba ce ga ƙurajen da suka zo da zazzaɓi ko suka kama baki da ido, ko idon da ya koma ruwan ɗorawa, ko aman da ya ƙi tsayawa, ko kumburin ƙafa da raguwar fitsari, ko baƙin cikin da ya kai mutum yana tunanin raba kansa da duniya. Waɗannan na asibiti ne a ranar, ba a jiran zaman wata. Jagoran da aka horar ya san wannan iyaka, kuma yakan kama hannun mutum ya kai shi gaban likita da kansa. Wanda ba a horar ba yana auna jikin kowa da nasa.

Ta wannan ƙofa kuma masu da'awar warkarwa suke shigowa. Mun ga zamanin Dakta Jeremiah Abalaka a Abuja wajen shekarar 2000, mun ga Yahya Jammeh na Gambiya a 2007 yana sa marasa lafiya su ajiye maganinsu su sha haɗinsa. Na yau ba su da suna irin wannan, amma suna nan a tasha da kasuwa da waya, da jarkokinsu. Dabararsu ɗaya ce: mutum ya yi gwaji an ce ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba, sai su ce ai ya warke. Alhali ma'anar sakamakon ita ce magani ya danne ta, har ba zai sa wa matarsa ta hanyar auratayya ba muddin ya ci gaba da sha, kuma in ya daina za ta dawo cikin makonni. Idan jita-jitar warkewa ta shiga ƙungiya, tana yaɗuwa da irin amincin da gaskiya ke yaɗuwa da shi.

Sannan maza ba sa zuwa. Duk wanda ya leƙa irin wannan zama zai ga mata ne suka cika shi. Namiji ya gwammace ya tafi wani gari ya karɓo magani inda ba a san shi ba, ko ya aiki matarsa. Dokar hana nuna wariya ga masu cutar tana nan tun 2014, amma doka ba ta hana surutu a majalisa. Ga irin waɗannan, kiran waya daga namiji ɗan uwansu ya fi zaman taro amfani.

Wa ke biyan su?

Yawancin wannan aiki ya rayu ne da kuɗin waje. Shirin PEPFAR na Amurka, wanda aka kafa a 2003, ya kashe sama da dala biliyan 6 a Najeriya, kuma daga irin wannan kuɗi da na Asusun Duniya mai yaƙi da cutar aka riƙa biyan ɗan alawus ɗin masu bin sawun waɗanda suka daina zuwa, da iyaye masu jagoranci, da kuɗin katin waya da na mota. A ranar 20 ga Janairu, 2025, gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, aka umarci ƙungiyoyi su tsayar da aiki. Daga baya an sassauta wa magani mai ceton rai, gwamnatin tarayya kuma ta amince da naira biliyan 4.8 a watan Fabrairu don sayo magani. Wannan ya kamata, kuma a yaba. Amma a irin wannan yanayi abin da ake fara yankewa shi ne mutumin da ke kan benci, domin a takarda ba shi da mukami. Ba nas ba ne, ba ma'aikacin gwamnati ba ne, sunansa “ɗan sa-kai”. A ganina wannan lissafi ne marar kyau. Robar magani da aka saya da kuɗi mai yawa, idan ta ƙare a ƙasan akwati, asara ce biyu: an rasa kuɗin, kuma shan magani a tsinke yana koya wa ƙwayar cutar jure masa, sai an koma maganin mataki na biyu mai tsada da wahalar sha.

Darasin kuma ya wuce cuta ɗaya. Mai hawan jini da aka ba amlodifin ƙafarsa ta kumbura, ko aka ba lisinofiril ya kama busasshen tari da ba ya jin magani, shi ma ajiyewa yake yi ya ce bai karɓe shi ba, alhali sauya masa wani kawai za a yi. Mai ciwon suga da metfomin ya ɓata wa ciki a makon farko bai san cewa shan sa tare da abinci, da farawa da kaɗan, yana rage abin ba. Mai farfaɗiya da magani ke sa shi barci, da uwar yaro mai sikila da ke tsoron haidiroksiyuriya, duk suna zaune a layi ɗaya da mutanen da suka wuce wannan mataki shekaru da suka gabata, amma ba wanda ya haɗa su. Cutar da aka fi ƙyama ita ce ta gina tsarin da sauran suke buƙata.

Kiran da nake yi ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da hukumomin kula da lafiya a matakin farko shi ne su sa waɗannan jagorori a cikin kasafin kuɗi, da horo, da mai duba aikinsu, da albashin da ba ya jiran wata ƙasa, su kuma buɗe irin wannan kujera a ɗakunan hawan jini da suga da sikila. Kai kuma mai karatu da ke shan magani na dindindin, kowane iri ne, idan ya fara damun ka kada ka ajiye shi a ɓoye. Koma inda aka ba ka, ka faɗi abin da kake ji dalla-dalla, sannan ka tambaya ko akwai wani da ya daɗe yana shan sa da za a haɗa ku.